Ga masu tambayata yadda za su koyi Larabci in sun je Alƙahira

Tun da na zauna a Masar na dawo, kuma har yanzu nakan koma, da wuya sati ya wuce wani bai kira ni ko ya turo saƙon murya ba, wannan zai je karatu, wancan zai raka mara lafiya asibiti, wani kuma sarin kaya. Tambayoyin ba sa canzawa, ni kuma na gaji da maimaita magana ɗaya. Ga amsoshin nan, duk wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Dole sai na iya Larabci kafin in tafi?

A'a. Ka yi bizarka ka tafi.

Wata nawa zan yi kafin in iya?

Ya danganta da yadda kake buɗe baki. Mai fita kullum yana cefane da kansa, cikin 'yan makonni zai iya ciniki da hawa mota. Mai zaman ɗaki ko shekara ya yi haka zai dawo.

Na yi Islamiyya, na karanta nahawu da sarfu, me ya sa ba na gane abin da suke faɗa?

Saboda ba Larabcin littafi, wato fus'ha, ake yi a titi ba, nasu suna kiransa ammiyya. Karatunka bai tafi a banza ba, kunnenka ne bai saba ba. Abu uku za ka fara riƙewa. Jim a bakin mutumin Alƙahira "g" ce, jamil ya zama gamil, kuɗinsu ma gineh suke ce masa. Ƙaf kuma haɗiye ta suke yi ta koma hamza, ƙahwa ta zama ahwa, ƙalb ya zama alb. Sannan "sa" mai ɗigo uku sau da yawa "ta" ce, shi ya sa za ka ji talata, tamanya. A nan ma Bahaushe ya huta, don talatin da tamanin ɗinmu kusan haka suke faɗa, ka haɗa da arba'in, hamsin, sittin, ai rabin lissafin kasuwa da shi ka baro gida. Abin da ke cin mutane shi ne khamastashar da khamsin, na farko 15 na biyu 50, ka saurari ƙarshen kalmar da kyau kafin ka sa hannu a aljihu.

Na haura shekara hamsin, kaina zai ɗauka kuwa?

Zai ɗauka Baba. Na ga dattawan da suka zo jinya suka koma suna gaisawa da ciniki. Ba jarrabawa za ka zauna ba, bukatarka za ka faɗa a gane.

Zan sauka wajen 'yan uwa Hausawa, ai za su koya min ko?

Ba za su koya maka ba, kuma wannan ne abin da ya fi ɓata min rai. Yaro ya baro Kano ko Damagaram, iyaye sun sayar da abin da suka sayar, ya zo unguwar Madinat Nasr ko Hayyul Ashir ya shige gidan da kowa Bahaushe ne, a dafa shinkafa da wake tare, a yi hirar gida har dare, in za a sayo burodi a tura wanda ya fi daɗewa. Haba! To yaushe harshen zai shiga? Ban ce ka guji 'yan uwa ba, su za su nuna maka gari kuma su za su tsaya maka ranar ciwo. Amma cefane kai za ka je, kuɗin wuta kai za ka biya, mai gadin gidan da suke kira bawwab ka tsaya ka gaishe shi kullum ka ja shi da hira ko ta minti biyar ce. Wallahi abin da za ka samu a bakinsa a wata guda ya fi abin da za ka samu a ɗaki a shekara.

Ina da wata uku kacal, fus'ha zan sa a gaba ko ammiyya?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci bai tambaye ka abin da ya kai ka ba, to bai yi maka adalci ba.

In karatu ya kai ka, musamman Azhar, fus'ha ce jarinka, da ita aka rubuta littattafan, da ita za ka amsa jarrabawa, kuma akan yi wa baƙin ɗalibai gwajin matakin Larabci kafin su shiga aji. Saboda haka kar ka sake ta. Sai dai akwai abin da ba a faɗa wa yara tun daga gida: malamai da yawa in bayani ya yi zafi sukan zame su koma ammiyya a tsakiyar darasi, misalin da zai warware maka mas'alar da ita zai kawo shi, kai kuma kana zaune kana jiran fus'ha ta dawo. To ka ga ko ɗalibi bai tsira ba. Akwai malaman da za su ce maka ammiyya tana ɓata harshe, kuma ban ce sam ba su da gaskiya ba, na ga wanda ya fara da ita tun bai kama nahawu ba, daga baya yana rubuta kalmomin ammiyya irin su "mish" (ba) da "ayiz" (ina so) a takardar jarrabawa. Amma wanda ya riga ya yi ƙarfi a nahawu ban ga ta cutar da shi ba, in dai ya raba musu wuri, wannan ta aji da littafi, waccan ta titi.

In kuwa kasuwa ce, Ataba ko Moski, ammiyya kawai, kar ka wahalar da kanka. Bikam da, nawa wannan. Ghali awi, ya yi tsada sosai. Akhir kalam, farashin ƙarshe. In ka yi fus'ha za su gane ka, ba wanda bai yi makaranta ko bai ji huɗuba ba, amma da ammiyya za su mayar maka, kuma tun daga jimlar farko mai shago ya san jiya ka sauka, farashinka daban.

Mai jinya shi ne nake jin tsoron ba shi amsa a gaggauce. Likitoci a Masar da Turanci suke karanta likitanci, saboda haka in kana da Turanci za ka iya magana da likita kai tsaye. Matsalar ba likita kake wuni da shi ba, nas ce, da mai karɓar kuɗi, da mai kantin magani, su kuma yawanci ammiyya ce. To ka koyi na kusa: waga' ciwo, hina nan, dawa magani, abl il-akl kafin cin abinci, ba'd il-akl bayan cin abinci. Ka lura abl ɗin nan ƙabl ce da ka sani, ƙaf ɗin aka haɗiye. Duk da haka dan Allah in maganar tiyata ce, ko sa hannu a takarda, ko yawan ƙwayar da za a sha, kar ka gwada Larabcinka a kan ran mutum. Ka nemi wanda ya iya sosai ya tsaya, kuma ka ce a rubuta maka. Ɗaga kai alhali ba ka gane ba shi ne kuskuren da na fi gani, kunya ce ke jawo shi.

In an matsa min, mai wata uku in dai ba ɗalibi ba ne zan ce ya bai wa ammiyya mafi yawan lokacinsa. Amma in da ma ko harafi ba ka iya karantawa, ka fara da haruffa, don allon tasha da sunan magani ba sa magana.

Ba ga Google Translate ba?

Yi amfani da shi, yana taimako wajen karanta takarda. Amma fus'ha ya fi ba ka, kuma a cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, ba mai jiran ka latsa waya. "Ala gamb ya usta" za ka ce direba ya tsaya a gefe, in ka yi shiru an wuce da kai. Kuma ka koyi lambobinsu tun a jirgi: zagayen da kake gani kamar sifili 5 ne, sifilinsu ɗigo ne, wanda ya yi kama da 7 ɗinmu 6 ne.

Ina jin kunya kar su yi min dariya.

Za su yi, Misirawa mutane ne masu raha, kuma wanda ya yi dariyar shi zai gyara maka. Ka kwantar da hankalinka. Ka dai riƙe ladabi, law samaht in za ka roƙi abu, hadritak ga babba, ya hagg ko ya hagga ga dattijo da dattijuwa. Abu ɗaya nake gargaɗi a kai, ba kowace kalmar Hausa mai asalin Larabci za ka mayar musu ba. Mu muna cewa ina sha'awar garinku ba komai, amma shahwa a wajensu ta jiki ce, ka ce bahibb kawai. Haka in aka ce maka wane bi'afya yake, ba lafiya lau ake nufi ba, ba ya jin daɗi ne, ka je ka duba shi.

Ni mace ce, a ina zan samu masu magana da ni?

Taragon mata a jirgin metro, masu sayar da kayan miya, maƙwabciyarki. Ki ce ayza, ayiz na namiji ne.

In na wuce Umara ko Sudan zai yi min aiki?

Za su gane ka, fina-finan Masar sun daɗe da shiga gidajen Larabawa. Kai ne za ka ɗan sha wuya kwana biyu. "Ina so" a Alƙahira ayiz, a Jidda abgha, a Khartum dayir. "Yanzu" kuma dilwa'ti, dahhin, hassa. Ƙaf ɗin da Bamisire ya haɗiye, su "g" suke mayar da ita, gahwa. In ka shiga shago a Makka kana son madara ka ce halib, don laban ɗin da ka saba saya a Masar, a can nono mai tsami za a miƙo maka.