Hoton maganaɗisu na narkewar ƙwayar magani a ciki

Wannan wata hanya ce da masu binciken haɗa magunguna ke bi don su ga abinda ke faruwa da ƙwaya bayan mutum ya haɗiye ta, wato ina ta tsaya, yaushe ta jiƙa, yaushe ta fashe. Da can yawanci a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, ake gwadawa, a jefa ƙwayar cikin tukunyar gilas mai ruwa kamar mililita 900 a zafin digiri 37, wani ƙarfe yana juyawa. To amma tumbin ɗan Adam ba gilas bane. Hoton MRI ya nuna ruwan da ke tumbin wanda bai karya ba yawanci bai ma kai mililita 50 ba.

Hanyoyin biyu ne manya. Akwai MRI, wannan injin mai kamar rami da ake tura mara lafiya ciki a manyan asibitoci, wanda Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka samu kyautar Nobel a kansa a 2003. Shi ruwa yake gani, don haka busasshiyar ƙwaya baƙa take fitowa, wani lokaci a ƙara mata ɗan garin ƙarfe baƙi don ta ƙara fitowa sosai, tana fashewa sai baƙin tabon ya bazu. Ta biyun Werner Weitschies da abokan aikinsa a Jamus suka yi fice da ita tun shekarun 1990. Ana sa garin ƙarfen a ƙwaya a mayar da ita ɗan ƙaramin maganaɗisu, na'ura tana bin sawunta daga waje, da ta wargaje sai ƙarfin maganaɗisun ya faɗi. Duka biyun ba ruwansu da radiyeshan, wato irin hasken da ke iya cutar da jiki in ya yi yawa, ba kamar tsohuwar hanyar hoton hasken gamma da ke amfani da shi ba, shi yasa ake iya maimaita hoto akan masu lafiya.

Abinda ya fi muhimmanci a ganina shine maganar abinci. Kofin ruwa a cikin da ba komai yana wucewa hanji cikin kamar rabin awa. Amma ƙwayar nan mai rufi da aka yi don kar ta narke sai a hanji, in ta tarar da abinci mai nauyi, ace tuwo da miya mai maiƙo ko cikon sahur, zata iya zama awanni a tumbi sai abincin ya fita kafin ta bi baya, mutum nata jiran sauƙi yana cewa maganin jabu ne alhali ko buɗewa bai yi ba. Kenan in mai kemis a Kano yace sha kafin abinci da cikakken kofin ruwa ba surutu yake ba, kuma shi yasa ba'a son a daka irin wannan ƙwaya a zuba a koko.

Hanyar nada iyakarta. A kwance ake ɗaukar MRI, kwanciya kuwa na canza yadda abu ke zama a tumbi, gashi da tsada. Kuma hoton fashewar ƙwaya yake nunawa ba shigar magani jini ba, sai an haɗa da ɗibar jini a auna.