Waiwaye: Hubbaren Waliyyan Timbuktu da Yadda Ake Gina Su

Wanda ya saba ganin ƙubbobin Alƙahira ko na Omdurman zai iya wuce hubbaren Timbuktu bai kula ba. Ɗan ɗaki ne mai kusurwa huɗu, rufinsa shimfiɗaɗɗe, ƙofa ɗaya, wani lokaci da 'yar taga. Kushewar malamin na ciki, jama'a kuma suna binne mamatansu kewaye da shi don neman albarka. Ta haka maƙabartu suka zagaye garin da ake wa kirari da birnin waliyyai 333. Na Sidi Mahmud, alƙalin garin a ƙarni na 16, yana arewa, na Alfa Moya yana gabas, wasu biyu kuma suna jingine da bangon masallacin Jingarebar.

Ana ɗora bango da tubalin laka, sannan a yi masa riga da wani farin dutse mai taushi da ake haƙowa a wajen gari, mutanen wurin suna ce masa alhor. Rufi kuwa azara ake jerawa, a bi da ƙananan itace da tabarma, a danne da ƙasa, a fitar da indararo. Tsawon azara shi ke yanke faɗin ɗaki, shi ya sa ba a samun babba. Matsala daga indararo take farawa: in ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, ƙasa ta yi nauyi, bakin azarar da ke cikin bango ya ruɓe, gara ta ƙarasa. Yashin da iska ke tarawa a gindin bango yana riƙe danshi har ya cinye ƙasan ginin. Wasu sukan gaji su shafe da siminti, wanda kuskure ne, domin yana kulle laima a ciki, laka ta narke a bayansa ba wanda ya gani. Maganin dai yaɓe ne a kai a kai, kuma zuriyar waliyyin ce ke ɗaukar nauyi, magina na gado su yi aikin.

UNESCO ta sa hubbare 16 cikin kayan tarihin duniya a 1988. Ranar 30 ga Yuni 2012 mayaƙan Ansar Dine, wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi a arewacin Mali, suka fara rushe su da diga, bisa hujjar cewa gini a kan kabari haramun ne, kuma 14 ne suka faɗi. Maginan garin suka sake tayar da su tsakanin 2014 da 2015, a kan tsofaffin harsasai, da irin kayan gini na asali, suna duba tsofaffin hotuna da abin da dattawa suka tuna.

A Satumbar 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, ɗan ƙungiyar Ansar Dine, shekara 9 bayan ya amsa laifin lalata hubbare tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya. A 2017 kotun ta ƙiyasta diyyar ɓarnar a kan Yuro miliyan 2.7.