Ɗabi'ar mai horar da yara wasan kurket

Ɗabi'ar mai horar da yara wasan kurket, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya kuma yana bugunta da sanda, ita ce ƙa'idojin da ake son koci ya kiyaye a hulɗarsa da 'yan wasan da ba su kai shekara 18 ba, a makaranta ko a unguwa. A birnin Kano ƙwallon ƙafa ce ta mamaye filaye, kurket kuwa baƙo ne a wurin yawancin iyaye. Shi ya sa halin koci ne kan sa uba ya bar ɗansa zuwa atisaye ko ya hana shi.

Haƙƙi na farko shi ne lafiyar yaro. Ƙwallon kurket na manya tauri gare ta, nauyinta ya kai giram 156 zuwa 163. A watan Nuwamba na 2014 ta bugi ɗan wasan Ostireliya Phillip Hughes a wuya, ta yi ajalinsa. Don haka ba a tsayar da yaro gaban ƙwallo mai tauri babu hular kwano da matasan ƙafa da safar hannu. Idan ƙungiya ba ta da kuɗin waɗannan kaya, sai a koma ga ƙwallon tanis. Babu kunya a hakan.

Akwai kuma lahanin da ba a gani nan take. Mai jifa da ƙarfi yana murɗa gadon bayansa a duk jifa, ƙashin yaro kuma bai gama ƙwari ba, yawan jifa na iya tsaga shi. Hukumar kurket ta Ingila ta ƙayyade wa mai shekara 13 oba 5 a jere, 10 a yini, kowace oba kuwa jifa 6 ce. Kocin da ya ga yaro mai hannu ya yi ta ba shi ƙwallo don a ci wasa, ya cuce shi.

Yanayin Kano ma abin lura ne. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, sai a mayar da atisaye sassafe ko bayan la'asar, a ajiye ruwan sha a gefen fili. Da azumi a rage gudu. Lokacin Islamiyya kuma ba a taɓa shi.

Wajen tarbiyya, koci ba ya duka, ba ya zagi, ba ya keɓewa da yaro ɗaya. Tafiya gasa sai da izinin iyaye, 'yan mata kuma a haɗa su da mace babba. Hakan ya ƙara muhimmanci tun da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya ta 2025 a Malesiya, abin da zai iya jawo wasu 'yan matan cikin wasan.

Tun shekarar 2000 kulob ɗin MCC na Landan, mai kula da dokokin kurket, ya sa girmama alƙalin wasa da abokan karawa a gabatarwar dokokin. Yara daga bakin koci suke koyon wannan: idan alƙali ya ɗaga yatsa, alamar an fitar da mai bugu, yaro ya fice ba gardama. Rage wa ɗan wasa shekaru don ya shiga gasar yara ma saɓa wa wannan ne, domin yana haɗa ƙaramin yaro da jifan wanda ya girme shi.