Lissafi a fasahar zane da gini

Alaƙar lissafi da fasahar zane tsohuwar alaƙa ce ƙwarai. Abin da ake nufi da ita shi ne yadda awo da ƙidaya da ilimin siffofi, wato jomitiri ko handasa kamar yadda Larabawa ke ce masa, suka riƙa shiga aikin mai zane da magini da masassaƙi da masaƙi da mai rubutun hannu tun zamanin Fir'aunoni har zuwa yau da ake zana kusan komai a kwamfuta. Mutane da yawa in an ce lissafi sai ransu ya tafi aji da jarrabawa, in an ce zane kuma su ce ai wannan baiwa ce kawai, amma duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai shimfiɗa tayil yana aiki ya san hannun nan lissafi yake yi ko da bakinsa bai ambaci lamba ko ɗaya ba. Kuma in aka bi tarihin a hankali za a ga sau da yawa mai sana'a ne ke fara cin karo da abu, ya yi ta aiki da shi shekaru ɗaruruwa, sai daga baya masana su zo su raɗa masa suna su kawo hujja.

Awon jikin mutum

Masu zanen bango a tsohuwar Masar kafin su zana mutum sai sun ja layuka a tsaye da a kwance sun raba bangon gida-gida, mutumin da ke tsaye kuma gida 18 yake ci daga tafin ƙafa zuwa inda gashin goshi ya fara, shi ya sa za ka ga zanen da ƙarnoni suka raba amma kamar hannu ɗaya ya yi su. A Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masassaƙi Polykleitos ya rubuta ƙa'idar yadda kowace gaɓa za ta dace da 'yar uwarta, rubutun ya ɓata sai ɗan abin da wasu suka ruwaito. Wanda ya tsira shi ne na Vitruvius, maginin Rum, da ya ce fuska ɗaya bisa goma ce ta tsayin mutum, kai ɗaya bisa takwas, in mutum ya ware hannuwa faɗinsa daidai yake da tsayinsa, don haka zai shiga cikin murabba'i kuma zai shiga cikin da'ira. Wajen 1490 Leonardo da Vinci ya zana wannan magana, kuma abin burgewa shi ne ya auna mutane da kansa ya gane tsakiyar da'irar cibiya ce amma tsakiyar murabba'in tana ƙasa da cibiya, sai ya zame siffofin biyu maimakon ya miƙe gaɓoɓin mutum su bi littafi.

Kamfas da rula

Nan ne zuciyar maganar. Ɗauki kamfas ka zana da'ira, kada ka taɓa buɗewarsa, ka kafa allurar a bakin da'irar ka yi alama, ka matsa kan alamar ka sake, haka haka, a taku na shida za ka dawo daidai inda ka fara babu ƙari babu ragi. Haɗa alamomin nan ka samu siffa mai gefe shida, tsallake ɗaya-ɗaya ka samu tauraro mai kai shida, raba tsakani ka samu mai kai 12. Daga wannan ɗan wasan aka fitar da dubban zane-zane a bangon masallatai da ƙofofi da tagogin coci-coci. Littafin Yuklid, masanin lissafi na Iskandariya, wanda aka rubuta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cikin sashe 13, da irin wannan aikin ya buɗe: yadda za a zana alwatika mai gefe uku daidai wa daida da kamfas da rula kaɗai.

Da aka fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza sai handasa ta samu gida a duniyar Musulmi, inda ba a cika son siffar mai rai a wuraren ibada ba, don haka ƙwarewar ta karkata ga rubutu da ganyaye da siffofi. Waziri Ibn Muƙla, wanda ya rasu a kurkuku a 940 bayan an yanke masa hannun dama a rikicin fada, shi ake danganta wa tsarin auna haruffa da ɗigo. Bakin alƙalami a karkace ake fere shi, in ka danna shi a takarda sai ya bar ɗigo mai kusurwa huɗu, to wannan ɗigon shi ne ma'auni, a jera su a samu tsayin alif, alif ɗin ya zama faɗin wata da'ira, sauran haruffa duk a lanƙwasa su gwargwadon da'irar nan. Ma'ana in ka canza alƙalami komai zai girma ko ya ƙanƙance tare, kyan rubutun bai taɓu ba.

Sai Abul Wafa al-Buzjani (940 zuwa 998) da ya rubuta littafi sukutum kan abin da mai sana'a ke buƙata na handasa. A ciki ya ba da labarin wani zama da ya halarta na masu sana'a da masana, aka kawo tambayar yadda za a haɗa murabba'i uku masu girma ɗaya su zama babban murabba'i guda. Masanin lissafi ya ja layi ya ba da amsa daidai, masu sana'a ba su gamsu ba don su yanka suke yi su jera, layi a takarda ba ya rufe musu bango, su kuma hanyoyin da suka kawo suna da kyau a ido amma in aka auna akwai ɗan kuskure. Abul Wafa ya kawo wadda ta gamsar da kowa: a yanka murabba'i biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a samu alwatika huɗu, a jera su kewaye da na ukun, a datse ɗan abin da ya fito a cike gurbin da ya rage da shi. A ganina babu labarin da ya nuna yadda fannonin biyu ke buƙatar juna kamar wannan.

Akwai wata iyaka da duk mai tayil ya sani. Cikin siffofi masu gefe da kusurwa daidai wa daida, uku ne kawai ke rufe daɓe su kaɗai ba tare da gibi ba, mai gefe uku da mai huɗu da mai shida, dalili kuwa dole kusurwoyin da suka haɗu a wuri ɗaya su cika digiri 360. Mai gefe biyar kusurwarsa 108 ce, uku sun ba da 324, saura 36 a buɗe, na huɗu kuma ba zai shiga ba. Amma fa taurari masu kai biyar da goma su suka fi cika gine-ginen Iran da Asiya ta Tsakiya, kenan masu sana'ar sun samo hanyar zama da wannan gibin. A 2007 Peter Lu da Paul Steinhardt suka wallafa bincike a mujallar Science inda suka nuna cewa da yawan waɗannan zane-zane, da ake kira girih wato ƙulli da Farisanci, ana iya gina su da siffofi biyar kacal masu tsawon gefe ɗaya, kowace da layukanta a ciki, in an jera su layukan sai su haɗu su zama saƙar da ido ke gani. Sun kuma ce zanen hubbaren Darb-i Imam a Isfahan, ginin 1453, ya kusa zama irin jerin da ba ya maimaita kansa wanda masanin lissafi Roger Penrose ya fitar a 1974. Masana na ja-in-ja kan ko maginan sun nufi hakan, amma siffofin kam ga su nan a zane a wata doguwar takardar magina mai kusan mita 30 da ke ajiye a fadar Topkapi a Istanbul.

Nesa da kusa a kan takarda

Yadda za a sa shimfiɗaɗɗen allo ya yi zurfi kamar mutum zai iya shiga, wannan ma daga lissafi ya fito, kuma tushensa na komawa ga Ibn al-Haisam wanda ya yi aiki a Alƙahira a farkon ƙarni na 11 ya tabbatar da cewa haske daga abu yake zuwa ido a miƙaƙƙen layi. An fassara littafinsa zuwa Latin, Turawa suka karanta shi ƙarnoni. A farkon ƙarni na 15 a birnin Filorens na Italiya, Filippo Brunelleschi ya zana wani gini na tsakiyar gari a kan katako, ya huda rami a jiki, mai kallo ya tsaya inda aka yi zanen ya leƙa ta bayan katakon yana riƙe da madubi a gaba, in ya ɗaga madubin ya ga zane, in ya sauke ya ga ginin gaske, layi kan layi. A 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar: ɗauki allon kamar taga, duk layukan da ke tafiya ciki su haɗu a ɗigo ɗaya daidai tsayin idon mai kallo, kamar yadda layin dogo ke tsukewa in ka hango shi daga nesa. Albrecht Dürer na Jamus a littafinsa na 1525 har na'ura ya zana, zare ɗaure a bango a matsayin ido, a ja shi zuwa jikin abin da ake zanawa, a sa ɗigo a inda ya ratsa firam. Daga wannan matsala ta masu zane ne Girard Desargues na Faransa ya buɗe wani sabon reshen jomitiri a 1639, kenan a nan lissafi ne ya ci bashi.

Awon zinare

Wannan shi ne wanda aka fi yayatawa kuma aka fi yi wa ƙari. In ka raba layi gida biyu ta yadda dukan layin bisa babban kaso ya yi daidai da babban kaso bisa ƙarami, lambar da ke fitowa kusan 1.618 ce. Yuklid ya san ta don ba a zana siffa mai gefe biyar sai da ita, Luca Pacioli ya yi mata littafi da aka buga a 1509 wanda Leonardo ya yi wa zane. Amma maganar da ke yawo a intanet cewa da ita aka gina haikalin Parthenon na Girka da dalar Giza, ko ita ce sirrin duk wata kyakkyawar fuska, babu rubutun magina da ya faɗi haka, kuma in aka bar mutum ya zaɓi inda zai fara awo da inda zai tsaya to kowace lamba yake so zai samu. Sunan zinaren ma sai a ƙarni na 19 ya yaɗu daga Jamus. Wanda ya yi aiki da ita a fili shi ne magini Le Corbusier, da tsarin awonsa na 1948 da ya gina kan mutum mai tsayin santimita 183, wanda in ya ɗaga hannu ya kai 226.

Sha bakwai

Duk zanen da ke maimaita kansa a tsaye da a kwance a kan bango ko zani ko darduma, in ka duba yadda ake matsar da shi ko juya shi ko kifa shi kamar a madubi ya koma yadda yake, to iri 17 ne kawai a duniya, babu na 18. Evgraf Fedorov na Rasha ya tabbatar da haka a 1891 yana nazarin duwatsu masu ƙyalli, alhali masaƙa da magina sun daɗe da cin karo da mafi yawansu. M.C. Escher ɗan ƙasar Holan, wanda ko a makaranta lissafi bai karɓe shi ba, ya je fadar Alhambra a Garnaɗa ta Andalus a 1922 ya koma a 1936 ya zauna yana kwafar tayil, daga nan ya fara mayar da siffofin tsuntsaye da kifaye da ƙadangaru masu shiga jikin juna babu gibi, har ta kai masana lissafi irin su Coxeter suna musayar wasiƙa da shi.

Zamanin inji da kwamfuta

Masaƙar Jacquard ta 1804 a Liyon da katuna masu huji take karanta zane, huji ko ba huji, zare ya ɗaga ko ya kwanta, kuma daga gare ta Charles Babbage ya ari dabarar katin don injin lissafinsa. Magini Antoni Gaudí a Basalona igiyoyi ya riƙa ratayewa da ƙananan buhunan nauyi ya ɗauki hoto ya kifa shi, saboda lanƙwasar da sarƙa ke yi in ta rataya, in aka juya ta sama, ita ce bakan ginin da ke ɗaukar nauyin kansa, abin da Robert Hooke ya faɗa tun 1675. Ko takardar A4 mai milimita 210 da 297 lissafi ce, tsawonta bisa faɗinta 1.414 ne, awo ɗaya tilo da in ka ninke takarda biyu rabin zai riƙe siffar uwar, Jamus ta mayar da shi ƙa'ida a 1922.

Lanƙwasar jikin mota da tambarin kamfani da haruffan da ke kan waya kuwa, kusan duk da hanya ɗaya ake zana su: ka kafa ɗigo a farko da ƙarshe, ka sa wasu a gefe suna jan layin kamar maganaɗisu, in ka matsar da ɗaya lanƙwasar ta bi shi sumul. Injiniyoyi biyu a Faransa suka gano ta kowa da kansa don zana jikin mota. Paul de Casteljau na Citroën ya riga a 1959, amma kamfanin ya riƙe aikin a matsayin sirri shekara da shekaru, Pierre Bézier na Renault shi ya samu wallafa nasa a shekarun 1960, shi ya sa a manhajojin zane yau sunan Bézier ne a jikin layin.