Dokar jabun magunguna a Najeriya: wa take kamawa?

Mutane da yawa suna zaton jabun magani shi ne wanda aka cusa alli ko garin rogo a cikin kafso. Dokar jabun magunguna da gurɓataccen abinci ta 1999 ta faɗaɗa ma'anar fiye da haka. A wurinta, maganin da aka yi ƙarya a rubutun kwalinsa jabu ne, haka wanda aka yi wa fenti don a ɓoye lalacewarsa. Kai, ko da maganin yana aiki, muddin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ba ta yi masa rajista ba, doka tana kallonsa a matsayin jabu.

Ba mai haɗawa kaɗai take bi ba. Mai shigo da shi, mai rarrabawa, mai baje shi a kanti, har wanda aka same shi da shi a sito, duk sun shiga. Hukuncin shi ne tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun. Talla da sayar da magani a kasuwa, tashar mota, bakin titi ko cikin bas ma laifi ne mai zaman kansa, ko da maganin mai kyau ne. Saboda haka mai kwali a ka da ke zagaya tasha yana kiran "maganin basir, maganin ciwon jiki" ya riga ya taka doka.

Dalilin bin kowa haka shi ne magani yana ratsa hannaye da yawa kafin ya iso kemis, kuma guba tana iya shiga tun daga sinadarin farko. A 2008 ruwan maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, saboda wani sinadari mai guba da ya shiga haɗinsa. Irin wannan gubar aka samu a maganin tari da aka kawo daga Indiya, wanda ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya a 2022.

Inda dokar ta yi rauni shi ne tarar. Alƙali yana iya zaɓar tara kawai, ga kuma naira 500,000 a yau ba ta kai ribar 'yan katan ba ga wanda ke shigo da kwantena. Shi ya sa NAFDAC ta daɗe tana neman majalisa ta tsaurara hukuncin.