Sa wa fankar kwamfuta fitilu masu launi: tambayoyi da amsoshi

Fitilun suna ƙara wa kwamfuta sanyi ne?

Ko kaɗan, kwalliya ce zalla. Iskar da fanka mai milimita 120 ke turawa ba ta ƙaruwa don an yi mata ado.

A ina ake manna su?

A jikin zagayen fankar ko kusurwoyinta huɗu, ta yadda za su haska fuka-fukan. Kada ka manna komai a kan fuka-fukan su kansu, domin ɗigon gam ɗaya ya isa ya sa wani gefe ya rinjayi wani, fanka ta kama rawa da ƙugi. Mai fararen fuka-fukai ta fi baza haske, baƙa kuwa shanye shi take yi.

Me ya sa na wasu ke ƙonewa da zarar an kunna?

Nan gizo ke saƙar. Fitilun iri biyu ne. RGB ƙafa huɗu gare shi, yana cin volt 12, kuma duk jerin launi ɗaya yake bayarwa a lokaci guda. ARGB ƙafa uku ne da gurbi ɗaya fayau, volt 5 kacal yake ci, kowace fitila da nata launin. Shi ne ke yin bakan gizon nan mai zagayawa da samari ke so. Bakunansu a kan madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, sun yi kama ƙwarai, ga su a lungu mai duhu. Ka soka mai 5 a bakin 12, kafin ƙiftawar ido sai dai ka ji ƙauri. Saboda haka zare wuta tukuna, ka haska tocila ka karanta ɗan rubutun da ke gefen bakin, ka ga 12V ne ko 5V.

To idan ƙananan LED ne irin na masu gyaran rediyo?

Sai da rizista, ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga fitila. Shuɗi ko fari yana cin kusan volt 3 da miliamf 20, don haka a kan volt 12 rizista mai ohm 470 ta yi daidai. Doguwar ƙafar LED ɗin ita ke karɓar wuta. A filogin Molex, mai fitowa daga akwatin wutar kwamfuta, waya rawaya ita ce 12, ja 5, baƙa ta ƙasa. Ni dai ba na son jan wuta daga wayar fanka mai ƙafa uku, don duk sa'ad da madabod ya rage mata gudu, hasken ma dushewa zai yi. Haɗa da dalma, ka naɗe kowane haɗi da kyau.

Da me ake sauya launi?

Da manhajar kamfanin madabod ɗinka: Asus na da Aura Sync, MSI na da Mystic Light, Gigabyte kuma RGB Fusion. OpenRGB kyauta ce, tana aiki da kayan kamfanoni da dama. In madabod ɗinka ba shi da bakin fitila, sai ka nemi ɗan akwatin sarrafawa mai rimot.