Zaɓen Sandar Fatsar Ƙwaro don Kamun Kifin Bas

Fatsar ƙwaro salo ne na kamun kifi da ƙugiya wanda ya yi ƙarfi a Birtaniya da Arewacin Amurka. Maimakon a soka tana ko tsoka, sai a ɗaure gashin tsuntsu, gashin dabba, soso ko zare a jikin ƙugiyar, a fitar da siffar ƙwaro, kwaɗo ko ɗan kifi. Masu wannan fatsa suna kiran abin da suka ɗaura "ƙwaro" ko da siffar kwaɗo gare shi. Ƙwaron ba shi da nauyin da zai ja zare ya kai shi nesa, saboda haka nauyin jifa yana jikin igiyar ne: igiya mai kauri, lulluɓe da roba, ita ke tashi a iska ta ɗauki ƙwaron. Aikin sanda shi ne ta lanƙwasa saboda nauyin igiyar, ta miƙe, ta cilla ta. Daga nan ne ƙa'idar zaɓe ta samo asali. Ana fara duba girman ƙwaron da za a jefa, ƙwaron ya nuna igiyar da za ta iya ɗaukarsa, igiyar kuma ta nuna sandar. Girman kifin yana zuwa daga baya.

Kifin da wurin zamansa

Bas kifin ruwan daɗi ne, asalinsa Arewacin Amurka, daga rukunin da masana ke kira Micropterus. Iri biyu aka fi nema. Mai babban baki, wanda muƙamuƙinsa ke wuce bayan ido, yana son ruwa mai ɗumi marar gudu: tafki, madatsa, fadama. Yakan laɓe a ƙarƙashin ganyen bado, cikin ciyawar ruwa ko tsakanin rassan itacen da ya nutse, kamar yadda ake samunsa a tafkin Okeechobee na Florida. Mai ƙaramin baki ya fi son ruwa mai sanyi, mai tsabta, mai duwatsu da gudu, irin kogunan Susquehanna da Potomac. Mafi girman mai babban baki da aka yi wa rajista ya kai laba 22 da oza 4, kimanin kilo 10, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932. Sai a 2009 aka kama wanda ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa na Japan. Amma yawancin abin da mai fatsa zai ci karo da shi tsakanin rabin kilo ne zuwa kilo biyu. An kai mai babban baki wasu ƙasashen Afirka, irin su Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Kenya da Maroko.

Akwai kifayen da ke ɗauke da sunan bas alhali ba dangi ɗaya ba ne, kamar mai zane na gaɓar tekun Atilantika da kuma na kogin Amazon. Kayan kamunsu sun fi nauyi, kuma ba su ake nufi a nan ba.

Lambar nauyi

A jikin kowace sanda, kusa da mariƙi, an rubuta tsawonta da lambar igiyar da aka yi ta dominta. Ma'aunin ya fito ne daga ƙungiyar masu ƙera kayan fatsa ta Amurka a farkon shekarun 1960, kuma ana auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiyar ne, wato kimanin mita 9. Lamba 5 tana da giram 9.1, lamba 6 giram 10.4, lamba 7 giram 12, lamba 8 giram 13.6, lamba 9 kuwa giram 15.6. A takarda bambancin ƙanƙane ne, amma a hannu shi ke raba jifa mai sauƙi da wahala.

Dalili kuwa shi ne ƙwarin bas manya ne, kuma suna tare iska. Wanda aka yi da toshiyar kwalba ko soso, mai kwarmin fuska da ke yin "ɓul" idan an fizge shi a saman ruwa, da kwaɗon da aka sassaƙa daga gashin barewa irin Dahlberg Diver, duk suna jan igiya baya yayin da take tafiya. Gashin barewa da fatar zomo kuma suna shan ruwa su ƙara nauyi. Clouser Minnow, ƙwaro mai siffar ɗan kifi wanda Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987 don bas na kogin Susquehanna, yana da idanun dalma da ke sa shi nutsewa da ka. Igiya marar nauyi ba ta iya juya irin waɗannan. Sai ta miƙe rabi, ƙarfinta ya ƙare, ƙwaron ya faɗo a kan tarin zare.

Lamba 6 ta dace da ƙananan koguna da kududdufai, inda ƙugiya ba ta wuce lamba 6 zuwa 2 ba, kuma babu ciyayi masu kauri. (Lambar ƙugiya tana raguwa ne yayin da ƙugiyar ke girma, har zuwa 1, daga nan sai 1/0, 2/0, 3/0, kowace ta fi ta baya girma.) Lamba 7 ita ce ta mai ƙaramin baki a babban kogi. Tana jefa Clouser ba tare da gardama ba, tana jure matsakaiciyar iska, kuma kifi mai rabin kilo yana lanƙwasa ta yadda za a ji daɗin kamun. Lamba 8 ita ce ta mai babban baki a cikin bado da itatuwa, da ƙugiya 1/0 zuwa 3/0. Wanda zai sayi sanda ɗaya tak, kuma ruwansa tafki ne, lamba 8 ta fi masa. Idan kogi ne, lamba 7. Lamba 9 sai a ciyayi masu kaurin gaske ko inda iska ba ta lafawa, domin yinin jifa da ita yana gajiyar da kafaɗa.

Mutane da yawa suna farawa da lamba 5 saboda ita ce aka fi sayarwa don kifin turawut. Tana kama bas, ba shakka, muddin ƙwaron ƙarami ne. Matsalar tana bayyana ne lokacin da kifi ya nufi cikin ciyawa: gindin sandar ba shi da ƙarfin juyo da kansa, sai ya naɗe zaren a kara ya tsinke.

Tsawo

Ƙafa 9, wato mita 2.74, shi ne tsawon da aka saba da shi, kuma da hujja. Yana ɗaga igiya sama da ciyawar da ke bayan mai jifa, yana sauƙaƙa ɗago doguwar igiya daga kan ruwa, yana kuma ba da damar gyara kwanciyar igiya a kan ruwa mai gudu. Wanda ke tsaye cikin ruwa har ƙugu, ko zaune a ƙaramin kwalekwale, ya fi kowa bukatar wannan tsawon, domin hannunsa yana kusa da fuskar ruwa.

Gajeruwar sanda, ƙafa 7 da rabi zuwa 8, tana da nata gurbin. Ta fi saiti a jifan kusa, tana shigar da ƙwaro ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo, kuma tana ba mai fatsa rinjaye wajen ja-in-ja da kifi. Kamfanin Sage ya taɓa fitar da jerin sandunan bas masu tsawon ƙafa 7 da inci 11, don su shiga ƙarƙashin iyakar ƙafa 8 da gasannin kamun bas ke bi a lokacin, kowace da igiyarta mai nauyi ƙwarai. Abin da ake rasawa saboda gajarta shi ne nisa da sarrafa igiya a kogi.

Yadda sanda ke lanƙwasa

Wasu sanduna kan lanƙwasa a kusa da kai kawai, gindinsu a sandare. Su ake cewa masu sauri. Wasu har tsakiya, wasu kuwa har kusa da mariƙi. Talla ta fi kambama masu sauri, domin a hannun gwani suna cilla igiya nesa kuma suna keta iska. Sai dai yawancin bas ana kama su ne a tazarar mita 6 zuwa 15, kuma a wannan tazara sanda mai tauri ba ta samun isasshen nauyin igiya a waje da zai lanƙwasa ta. Mai jifa ba ya jin lokacin da igiyar ta miƙe a bayansa, sai ya yi gaggawar turawa gaba, igiyar ta harɗe, a sami ƙulli a zaren gaba, wato siririn nailan da ke haɗa igiya da ƙwaro.

Akwai kuma matsalar ƙwaro mai dalma. Idan sanda mai tauri ta aika shi baya da gudu, yakan kai ƙarshen zare ya yi tsalle, igiyar ta saki, sannan ya dawo ƙasa-ƙasa ya bugi sandar ko ƙeyar mai ita. Maganin shi ne a buɗe zagayen igiyar, a ja ta baya ta gefe a dawo da ita ta sama ba tare da tsayawa ba, kuma sanda mai lanƙwasa har kusa da tsakiya ta fi yarda da wannan. Shi ya sa masu dogon sani suka fi karkata ga matsakaiciya mai ɗan sauri: kai mai laushi, gindi mai ƙarfi. Tabarau da hula wajibi ne ko da wace sanda ake jifa.

Gindin yana da wani aikin. Bakin bas yana da tauri, ƙugiyoyin kuma masu kauri ne, don haka ɗaga kan sanda kaɗai ba ya soka ƙugiya. Ana nuna kan sandar wajen kifin, a fizgi igiyar da ɗaya hannun, sannan a karkata sandar gefe don gindinta ya ɗauki nauyin.

Abin da aka ƙera ta da shi da sassanta

Sandunan da galibi na gora ne da aka tsaga aka manne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu faiba, wato zaren gilashi, ta karɓe kasuwa, sannan a 1973 kamfanin Fenwick ya fitar da sandar zaren kabon, wadda ita ce ke hannun yawancin mutane yau saboda rashin nauyinta. Faiba ta fi nauyi kuma ta fi laushi, amma tana jure duka, kuma tana juya babban ƙwaro cikin natsuwa a jifan kusa. Gora a lamba 7 ko 8 tana da nauyi da tsada.

Mariƙin da ya dace shi ne mai kumburi a tsakiya da buɗewa a duka ƙarshensa biyu, domin babban yatsa ya sami wurin dannawa. Daga lamba 7 zuwa sama ya kamata a sami ɗan dunƙule a ƙarshen gindi, wanda ake tokarawa a ciki ko a damtse yayin fama da kifi, kuma yana hana manaɗi, wato faifan da ake naɗe igiya a kai, taɓa ƙasa. Mazaunin manaɗin gara na alminiyam da na katako, don katako yana kumbura. Zobban da igiya ke bi ta cikinsu, na kusa da mariƙi, su zama masu faɗi, domin igiyar bas tana da kauri. Sanda mai gaɓa huɗu ta zama ruwan dare, kuma ba ta gaza mai gaɓa biyu a aiki.

Igiya da zaren gaba

Sanda mai kyau da igiya marar dacewa asarar kuɗi ce. Igiyar bas tana tattara nauyinta a gaba, da gajeren kai mai kauri. Wasu kan ɗora igiyar lamba 8 a sandar lamba 7 don ta lanƙwasa da wuri, amma a duba kwalin tukuna, domin igiyoyin bas da yawa an riga an ƙara musu nauyi daga masana'anta. A kula da zafi kuma: igiyar da aka yi don ruwan sanyi tana yin laɓo-laɓo da danƙo a rana, ta zafi kuma tana murɗewa a sanyi.

Zaren nailan na gaba ya zama ƙafa 6 zuwa 9, mai kaurin gindi, ƙarshensa na ɗaukar laba 10 zuwa 12 a fili, laba 15 zuwa 20 a ciyawa. Da igiya mai nutsewa ƙafa 3 zuwa 4 sun isa, in ya fi haka ƙwaron zai yi ta yawo a sama alhali igiyar ta nutse. Manaɗi ba ya bukatar tsada, tunda bas ba ya dogon gudu.

Gwaji da abin da ke karya sanda

Girgiza sanda a cikin kanti ba ya nuna komai. A fita da ita waje, a ɗaura ainihin ƙwaron da za a yi aiki da shi bayan an datse tsinin ƙugiyar, a jiƙa shi, a nufi wani abu a tazarar mita 10. Sandar da ke kai shi wurin da jifa ɗaya ko biyu, ba tare da an yi mata dole ba, ita ce ta dace.

Kifi ba kasafai yake karya sanda ba sai an taimaka masa. Ɗaga ta tsaye cak yayin da kifi ke gefen kwalekwale yana tara duk nauyin a siririn kai. Bugun idon dalma yana barin tsaga da ba a gani, sandar ta karye bayan kwanaki a daidai wurin. Gaɓar da ta saki tana fasa bakin mahaɗinta, don haka a riƙa matse gaɓoɓin lokaci-lokaci yayin jifa, a kuma goga musu ɗan kakin kyandir. Idan ƙwaro ya maƙale a reshe, a miƙar da sandar a ja igiyar da hannu, fuska a kauce. Zaren kabon yana ɗaukar lantarki, saboda haka ana kwantar da sandar da zarar an ji tsawa, kuma ba a jifa kusa da wayar wuta.